Darasin Tattalin Gida: A Bar Allo, A Hura Wuta

A taron iyaye da malamai na wata sakandare da 'yar ƙanwata take karatu, wani bawan Allah ya miƙe, ya saɓa babbar riga a kafaɗa, ya ce yana da shawara. Shawarar ita ce a soke darasin tattalin gida, a ba lissafi da kwamfuta lokacinsa. "Ranka ya daɗe shugaban makaranta," in ji shi, "ba mu biya kuɗi don a koya wa 'ya'yanmu wanke-wanke ba. Wannan aikin iyayensu mata ne." Aka yi masa tafi, har da matan da suke wurin. Malamar darasin tana zaune a gefe, ba ta ce uffan ba.

Na fito raina a ɓace, kuma ɓacin ran kashi biyu ne. Alhaji bai yi daidai ba. Amma abin da ake koyarwa da sunan darasin shi ya ba shi bakin magana. Na buɗe littafin yarinyar na ga shafi bayan shafi na bayani da Turanci: ire-iren ɗinkin hannu, rabe-raben abinci, har da zanen yadda ake jera cokali da wuƙa a teburin Turawa. Ta haddace duka, ta ci maki mai kyau. Ba ta taɓa zura zare a allura a cikin aji ba.

Ga inda na tsaya, tun kafin mu yi nisa. Darasin nan ya zauna, ya zama dole a ƙaramar sakandare da babba, ga yara maza da mata ba bambanci. A koyar da shi da hannu, a yi jarrabawarsa da hannu. Abin da za a koyar kuma a ɗebo shi daga madafinmu da aljihunmu da ɗakin kwananmu.

Yadda aka yi aka zo nan

Darasin ba baƙo ba ne a Arewa. Makarantun 'yan mata na farko da Turawan mulki suka buɗe a Kano da Katsina a 1930, babban abin da ake yi a cikinsu bayan karatu da rubutu shi ne ɗinki da tsabta da renon yara. Tun daga nan aka buga masa tambarin "na mata", har yau bai goge ba.

Da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, niyya ta yi kyau: a shekara uku na ƙaramar sakandare kowane yaro ya taɓa aikin hannu. Gwamnati ta sayo injina daga ƙasashen Gabashin Turai, da yawa kuma suka yi tsatsa a cikin akwatunansu, don babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya tayar da su. A 2011 aka shigar da darussan sana'a 34 a babbar sakandare. A kwaskwarimar da aka fara aiki da ita a 2014 aka haɗe tattalin gida da aikin gona a darasi guda a ƙananan azuzuwa. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake sanar da sabuwar manhaja, ta rage sana'o'in zuwa shida.

Takarda ta yi ta sauyawa. A aji kuwa, alli ne da allo.

"Ai a gida ake koya"

Wannan ita ce hujjar Alhaji, kuma ita ce mafi ƙarfi, don akwai gaskiya a cikinta. Babu malamar da za ta koya wa yarinya tuƙa tuwo fiye da uwarta. Yadda ake talge, yadda ake gane miyar kuka ta kaɗu, yawan daddawar da za a sa, lokacin sauke dambu, duk a tsugune a gindin murhu ake ɗaukarsu.

To amma wane gida ake nufi? Yaron birni na yau yana fita kafin ƙarfe bakwai, ya taso daga boko bayan azahar, ya ci abinci a tsaye ya wuce Islamiyya, ya dawo gab da magariba, sannan ga aikin gida na makaranta, ga waya. Ɗan makarantar kwana kuwa mafi yawan shekara ba ya gidan. A gidan masu hali, 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye ita take riƙe da madafi, 'ya'yan gida ba su san inda ake ajiye ashana ba. A gidan talaka yarinya tana aiki har ya yi mata yawa, ga talla a kai.

Abin da ya fi damuna ma wani ne daban. Gida yana koyar da abin da ya sani ne, daidai da kuskure a cakuɗe, kuma yaro ba shi da hanyar tsince su.

Yaro ya jawo tukunyar ruwan zafi ta kwaro masa a ƙafa. Kafin ka ce kwabo, wata ta kawo man goge baki, wata ta fasa ɗanyen ƙwai, maƙwabciya ta ce a shafa manja, kaka ta ce gishiri. Kowa da kyakkyawar niyya. Abin da ƙunar take buƙata shi ne ruwa mai sanyi, ban da ƙanƙara, a yi ta kwarara mata kamar minti 20, a cire zobe ko munduwa kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti. Wa zai koya wa gidan wannan, in duk gidan a kan man goge baki suka taso?

Ko ɗauki hunturu. Sanyi ya tsananta, sai a shigo da kaskon gawayi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, a kwanta. Ko a shigo da janareta soro ko ƙarƙashin bene don gudun ɓarayi. Iskar da take fita daga gawayi da janareta a rufaffen wuri ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum yana fara jin ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka barci ne, daga nan sai yadda hali ya yi. Sau nawa muka ji an wayi gari da iyali guda ba rai, aka fara zargin sammu ko abincin dare? Darasi ɗaya na minti 40 ya isa yaro ɗan shekara 12 ya san wannan har ya mutu bai manta ba, kuma shi ne zai koma gida ya ce, "Baba, a fitar da injin nan waje."

Haka tukunyar gas, wadda ta shiga gidajen da ba a taɓa amfani da ita ba a cikin 'yan shekarun nan. Uwa ba ta gaje ta a wurin tata uwar ba, balle ta koyar. In an ji warin gas ba a kunna fitila, ba a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunya a buɗe tagogi. In ana zargin tiyo yana yoyo, ruwan sabulu ake shafawa a duba kumfa, ba ashana ake ƙyastawa ba. In man suya ya kama da wuta, a kashe murhu a kifa murfi. Wanda ya watsa masa ruwa ya tayar da gobara.

Ga gudawa, wadda har yanzu tana cikin manyan masu kashe ƙananan yara a ƙasar nan. In babu ƙullin da ake sayarwa a kemis, ruwan gishiri da sukari na gida lita ɗaya ce ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A shafe, ba a tula ba. In gishiri ya yi yawa, maganin ya koma cuta. Wannan ba abin karantawa ba ne kawai. Sai yaro ya riƙe cokalin, ya shafe shi da bayan wuƙa, ya dama, ya ɗanɗana ya ji bai fi hawaye gishiri ba.

Sai ajiyar abinci. Kowa ya san masu zuba fiya-fiya da ire-irensa a buhun wake don kada ƙwari su ci, kuma hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan haka. Alhali akwai buhun da ake kira PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu a Kamaru. Ana ɗaure kowace leda tam, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu, ba ɗigon magani. Jarka mai murfi ma tana yin wannan aikin in an cika ta an rufe ruf. Ɗalibi ya ga jarka biyu a kusurwar aji, ɗaya a rufe ɗaya a buɗe, a duba su ƙarshen zango. Gani ya kori ji.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Yankin da yake noma gero da dawa da wake da gyaɗa da waken suya, yankin da zogale yake shinge. Ba zan ce rashin sani ne kaɗai ba, talauci da rashin tsaro da cuta sun fi shi hannu a ciki. Amma rashin sani yana da nasa kason. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar ana cewa ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin jariri na farko. Akwai inda ake ɗura wa jinjirin sati biyu ruwa wai zafi ya yi yawa, alhali nono zalla ya ishe shi har wata shida. Akwai inda ake yaye yaro a kan koko tsararo, ga gyaɗa da waken suya a buhu ana jiran su yi tsada a sayar. Garin kunun nan na gero da waken suya da gyaɗa da ma'aikatan lafiya suke koya wa mata a asibiti bayan yaro ya riga ya rame, me zai hana a soya shi, a niƙa, a dama a aji biyu na ƙaramar sakandare?

Maganar maza

Nan ne ake tayar da jijiyar wuya. "Ɗana namiji ya ɗaura zani ya shiga kicin? So ake a mai da shi ɗan daudu?"

Mu fita titi mu duba. Mai shayin bakin layi, wanda yake fasa ƙwai da hannu ɗaya yana yanka albasa yana zuba ruwan zafi daga sama ba ya zuba a ƙasa, namiji ne. Mai tsire da mai balangu da mai kilishi maza ne. Telan da ya ɗinka wa Alhaji rigar da ya saɓa a kafaɗa namiji ne, wanda ya yi mata aiki a wuya da allura namiji ne, mai wanki da guga da ya sa mata sitaci namiji ne. Kukun otal namiji ne. Ashe a ƙasar Hausa namiji yana girki, yana ɗinki, yana wanki, ba wanda ya ce masa komai, muddin kuɗi za a ba shi. Abin yana zama abin kunya ne kawai ranar da zai yi wa matarsa mai jego ko mahaifiyarsa mai ciwon ƙafa.

Addini ma bai goyi bayan wannan kunyar ba. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida. Ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. A wasu ruwayoyin ta ambaci yana ɗinke tufafinsa, yana gyara takalminsa. Duk ɗan Islamiyya ya ji wannan. Aiki da shi ne ya gagara.

Kuma rayuwa ba ta tambayar ko kai namiji ne. Yaro ya tafi jami'a a Maiduguri ko Zariya, ko bautar ƙasa ta jefa shi wani ƙauye a Kudu, ya shekara a kan indomi da gari, kuɗin da aka turo masa ya ƙare ranar goma ga wata a wurin mai abinci. Magidanci matarsa tana kwance a asibiti, yara huɗu a gida, ya rasa yadda zai dafa musu ko da shinkafa da mai da yaji, sai an aiko ƙanwarsa daga wata unguwa ta bar nata gidan. A yawancin gidajenmu kuma namiji ne yake cefane. Shi yake zaɓar abin da zai shiga tukunya. Ka koya wa mace amfanin wake da ganye da kifi, ka bar mai riƙe da kuɗin bai san komai ba, rabin aiki ka yi.

Akwai kuma masu suka daga ɗaya ɓangaren, mata 'yan boko da suke cewa darasin nan dabara ce ta tsare yarinya a madafi, 'yan'uwanta maza suna can suna kimiyya. Tsoronsu yana da tushe, don haka aka yi shekara da shekaru: mata su tafi ɗinki, maza su tafi ɗakin kafinta. Maganinsa a haɗa su duka a kan komai. Yarinya ta riƙe filaya da sukurdireba, ta sauya fulogin da ya ƙone, ta ɗaure famfon da yake ɗiga. Yaro ya riƙe muciya. Japan ta bi ta nan. Da can 'yan mata kaɗai ake tilasta wa darasin, sai aka mai da shi dole ga kowa, a ƙaramar sakandare a 1993, a babba a 1994. Ban ji an ce injiniyoyinsu sun ragu ba.

Kuɗi ma tattalin gida ne

Mutane suna jin sunan darasin sai su tuna tukunya kawai. Rabinsa aljihu ne.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya ji a jikinsa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A watan Yulin shekarar aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. To ga aikin aji: a ba kowane rukuni na ɗalibai wannan 70,000 a takarda, a ce gida ne mai mutum shida. Su je kasuwar unguwarsu su tambayo farashin kwanon masara da na wake da kwalbar mai da buhun gawayi, su sa kuɗin mota da na sabulu da na magani, su tsara wata guda. Za su dawo su ce Malama ba ya isa. Daidai. Daga nan darasi ya fara: me za a rage, me ba ya raguwa, me ya fi araha in an saya da kaka, me ya sa sayen ƙulli-ƙulli kullum ya fi sayen kwano tsada. Yaron da ya yi wannan lissafin zai kalli mahaifinsa da wani ido daban ranar da ya ce babu.

A koya musu karanta mitar wuta. Dutsen guga mai wat 1,000 yana cin yunit ɗaya a awa ɗaya. Ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci wannan yunit ɗin. Wanda ya san haka ya san abin da yake cinye katin gidansu, zai daina faɗa da ƙannensa a kan fitilar banɗaki.

A koya musu bashi. Manhajar waya ta ba ka 20,000 ta ce ka biya 26,000 bayan wata guda, wato kashi 30 cikin 100 a wata, ga haramcin riba, ga tozarcin da za su yi maka a wurin duk wanda lambarsa take wayarka in ka makara. A koya musu cewa babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo. A koya musu yadda tsarin "zuba kaɗan ka kwashi da yawa" yake aiki, ana biyan na farko da kuɗin na baya har ranar da sababbi suka daina shigowa. Irin wannan tsarin mai suna MMM ya rufe a watan Disambar 2016, aka yi kuka. Wani irinsa mai suna CBEX ya rufe a Afrilun 2025, aka sake kuka. Cikin masu kukan akwai masu digiri, waɗanda suka ci lissafi a WAEC. Sun iya warware x da y, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya tambaye su daga ina ribar take fitowa.

Adashi ma a kawo shi aji, a ga inda yake da amfani da inda uwar adashi take iya gudu.

"Ba ya kai yaro jami'a"

Gaskiya ne, jami'a kiredit biyar take nema har da Turanci, da lissafi a yawancin fannoni, kuma iyaye suna kallon abin da zai kai ɗansu likitanci. Ban ce a rage wa lissafi ko minti ɗaya ba. Awa biyu a mako nake nema, a jere, don ba a gama girki a minti 40.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Masu rubuta JAMB a shekara wajen miliyan 2 ne, waɗanda ake ɗauka ba su kai rabi ba. A Arewa da yawa ba sa ma kaiwa aji shida. Yarinya tana gama aji uku a ɗaura mata aure, yaro ya bi kasuwa ko gareji. Makarantar da aka gina gaba ɗayanta don 'yan kaɗan masu wucewa jami'a, me ta ba sauran su tafi da shi? Shi ya sa nake cewa nauyin darasin ya fi yawa a ƙaramar sakandare, inda ake samun kowa kafin a watse.

Kimiyyar da ake tsoron zai tauye kuwa tana cikinsa. Kumburin ƙullin fanke aikin yis ne. Kanwa tana sa wake saurin nuna, tana kuma lalata wasu sinadaran gina jiki, duka biyun kimiyya ce. Haɗa sabulu daga soda da mai yana cikin littafin kimiyyar babbar sakandare, ana zana shi a allo ana wucewa.

Kada kuma a ce darussan sana'a sun wadatar. Gyaran waya da haɗa sola da kiwo hanyoyin neman kuɗi ne, yaro yana zaɓar ɗaya, kuma ina murna da su. Amma mai gyaran waya ma zai koma gida da dare, ɗansa zai yi gudawa, tukunyar gas ɗinsa za ta yi yoyo.

"Babu kaya, babu malamai"

A makarantar da yara 90 suke zaune a ƙasa, maganar ɗakin girki mai firji da oben wasa ne. Na yarda. Kuskuren 1982 ke nan, aka fara da injin da ba a iya kunnawa. Abin da nake magana a kai murhun gawayi ne, tukunya uku, bokiti, allura da zare, almakashi, filaya, tsofaffin fulogi, cokula, da inuwar bishiyar darbejiya. A raba yara rukuni-rukuni, wasu suna wurin wuta wasu suna wurin allura, mako mai zuwa a juya. Kuɗin fentin ƙofar makaranta ya sayi wannan duka.

Abu ɗaya dai a kiyaye, don iyaye ba su manta ba. A wasu makarantun, "aikin gwaji" yana nufin a aiko yaro gida ya kawo kaza da kwalin madara da kilon fulawa, a yi kek da soyayyiyar shinkafa, a kai ɗakin malamai a cinye, yara su wanke kwanuka. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen zubar da mutuncin darasin. A dafa abin da ake ci a gidajen yaran, kowa ya kawo gwangwani ɗaya na abin da yake da shi, kuma waɗanda suka dafa su ci.

Malamai akwai su, ko da ba su isa ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye su, haka kwalejojin ilimi, har da na fasaha da ke Bichi da ta mata zalla da ke Gusau. Da yawansu an ɗauke su aiki an ba su wani darasin daban don cike gurbi. A mayar da su fagensu. Inda hannunsu bai kai ba, gari cike yake da masu iyawa: ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta zo ta nuna ruwan gishiri da sukari da ɗaurin rauni, jami'in kashe gobara ya zo sau ɗaya a zango, telan bakin makaranta ya nuna sa maɓalli da kalmasa. A ba su ɗan abin sabulu daga kuɗin ƙungiyar iyaye.

Sai jarrabawa, wadda ita take juya komai. Malami yana koyar da abin da za a tambaya ne, yaro yana karanta abin da za a ba shi maki a kai. Muddin jarrabawar kammala aji uku ta tsaya a tambayoyin canki-canka, to haddar ire-iren ɗinki za a ci gaba da yi, ko manhaja nawa aka sauya a Abuja. WAEC da NECO suna yin gwajin girki na zahiri ga 'yan babbar sakandaren da suka zaɓi darasin abinci, wato hanyar ba sabuwa ba ce. Jihohi ne kuma suke shirya jarrabawar aji uku ta makarantunsu, don haka kwamishinan ilimi na Kano ko Katsina ko Sakkwato ba ya buƙatar jiran kowa. Ya ware rabin makin darasin ga aikin hannu. A kafa tebura a filin makaranta, malami daga wata makarantar ya zo ya sa ido. Yaro ya sa maɓalli a riga, ya matsa gaba ya haɗa ruwan gishiri da sukari, ya nuna abin da zai yi in mai ya kama da wuta, ya ɗaura waya a fulogi, a miƙa masa takardar albashi da farashin kasuwa ya fitar da cefanen mako. Wanda maɓallinsa ya cire da aka ja shi, ya dawo zagaye na biyu.